Rigar Takaba a Zanen Coquelard

Clamecy, 9 ga Afrilu, 1881

Zuwa ga Apolline, matar marigayi Théophile,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwata ta hagu da ta saba tashi duk sanda kogi ya cika. 'Yarki Léontine ta warware sarai. Tarin da ya sa likita ya ce a kawo ta ƙauye wurina ya tafi tun Fabrairu, ƙwai biyu take ci da safe, kumatu sun fito. Kullum sai ta tambaye ni yaushe za ta koma gun uwarta, ni kuwa in ce ƙarshen Mayu, kamar yadda muka yi da ke. Daga jiya na daina ba ta amsa.

Jiya Madam Rabuteau, matar mai kantin magani, ta dawo daga Paris. Ko hularta ba ta cire ba ta faɗo gidana, bakinta na rawa don daɗin abin da ta ɗauko. Wai ta shiga wani shago a titin Laffitte inda ake nuna zanen mahaukatan nan na yanzu, masu caɓa fenti kamar kaji sun taka miya sun bi ta kan zani. A can ta ga wani ƙaton zane na wani Firmin Coquelard. Liyafa ce a lambun Madam Pellerive da ke bakin kogi: maza da 'yar shara ba hannu, mata da laima suna karairaya, kwalabe birjik a tebur. A ƙarƙashi an rubuta Yuli, 1880. Mai tsaron shagon kuma, da yake shi ma ba shi da aikin yi, ya dinga nuna mata mutane yana faɗin sunayensu. Ya nuna wata a gindin bishiya ya ce, waccan Madam Desfossés ce, wadda mijinta ya rasu.

Apolline, rigar shuɗiya ce da ratsin shunayya. Haka ta ce, ta maimaita min sau uku.

Théophile ya rasu a Janairun bara. Na ƙirga da yatsuna, wata shida ke nan. A nan garin shekara biyu mace take yi cikin baƙi. Na san ku 'yan Paris kun rage, don ku komai ragewa kuke yi har da kunya, amma ban taɓa jin inda aka rage ya koma wata shida ba. Yaron nan ɗan ƙanena ne, ni na raine shi tun bai san sunansa ba, ba zan zauna a mayar da takabarsa abin kallon 'yan kasuwa ba.

Ki ba ni amsa a fili. In abin nan gaskiya ne, zan kira majalisar dangi gaban alƙalin sulhu, kuma kin san doka tana karɓe riƙon ɗiya daga hannun uwar da ta zama abin magana a gari.

Gwaggon mijinki,
Honorine Desfossés

Paris, 12 ga Afrilu, 1881

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Allah ya sawwaƙe gwiwa, ki dinga ɗora mata ƙyalle mai ɗumi. Ni lafiyata ƙalau. Labarin ƙwai biyun Léontine ya sa ni kuka, sauran takardar kuwa ya busar min da hawayen nan take.

Na je liyafar, ba zan ɓoye ba. Clémence Pellerive ƙawata ce tun muna makarantar 'yan zuhudu, ta zo har gida ta same ni na yi wata shida ban ga rana ba, ta ce in ban fito na sha iska ba za a binne ni kusa da mijina kafin kaka. Na je cikin rufaffiyar karusa, na zauna gefe, ban yi rawa ba, ban shiga kwalekwale ba, ban kai kofin giya baki ba. Rigata kuwa baƙa ce wuluk, ita ce wadda kika zaɓa min da hannunki ranar jana'iza, har da mayafin. Na rantse da kabarin Théophile.

Kada ki ɗauka wani daɗi na ji. Da kin ga taron da kin yi amai. Matan masu banki ne da 'ya'yansu da ake neman kai da su, kowacce ta ɗora lambu guda a ka wai hula. Mazan kuwa akawuna ne da suka tuɓe riga don a ce su matuƙa jirgi ne, hannuwa farare fat kamar kitse. Hira ɗaya suke yi tun azahar har yamma: wane ya sayi doki, wance ta sauya tela. A cikinsu Coquelard yake yawo da ƙazamin gemunsa yana zane-zane a ɗan littafi, na ɗauka ma mai gyaran lambu ne.

Da na karanta takardarki na tafi shagon da gudu, na iske abin da Madam Rabuteau ta faɗa. Ga wani dunƙulen shuɗi da shunayya a gindin bishiya, wai ni ce. In ba a faɗa maka ba, ba za ka ce mutum ba ne, sai ka ce an jingine buhun wanki. Daga nan na wuce ɗakin aikinsa, hawa na shida, sama da shagon mai fentin karusa. Na ce, "Malam, baƙi na sa ranar nan ko ba baƙi ba?"

Ya ce, "Baƙi kika saya a kanti, Madam. Abin da rana ta yi da shi kuma daban."

Na ce, "Kai ne rana?"

Ya kama hannun rigata ba ko sallama, ya ja ni bakin taga, ya ce in duba da kyau, wai ga shuɗin sama nan kwance a kan yadin, ga shunayya a cikin ninki. Wai babu baƙi a duniyar Allah, shekara bakwai rabon da baƙin fenti ya shigo ɗakinsa, ko inuwa da shuɗi suke yi shi da abokansa. Na ce to hankaka fa? Ya ce hankaka kore ne da shuɗi. Gwaggo, irin mutumin da za a raba ni da 'yata a kan maganarsa ke nan, wanda ya ce hankaka kore ne!

Madam Rabuteau kuwa, da ta san bambancin zane da fentin ƙofa da ba ta rataye hoton tunkiya mai ƙafa biyar a falonta ba. Ki tambayi duk wanda ya san mutanen nan, zai gaya miki ba sa taɓa baƙi. Ina roƙonki kada ki faɗa wa Léontine komai, kuma ki ci gaba da ce mata ƙarshen Mayu.

'Yarki,
Apolline

Clamecy, 16 ga Afrilu, 1881

Apolline,

Gaisuwa. Gwiwa da sauƙi, yarinya lafiya.

Na karanta takardarki sau biyu. Ban saba yanke magana a kan faɗar mutum ɗaya ba, ko da mutumin ya rantse da kabari. Zan bincika da kaina. In na gama zan zo Paris, ba sai kin zo taryena ba.

Honorine

Paris, 2 ga Mayu, 1881

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya ke da Léontine. Ni dai ba zan ce lafiya ba, ko abinci ba na iya ci.

Yau kwana goma sha shida ke nan ba ko layi ɗaya daga gare ki. Takarda biyu na aiko, na aiko wa yarinya da safa, shiru. Layukanki huɗun nan na karanta su har takardar ta yage a ninki. Rantsuwata ba ta ishe ki ba, za ki zo ba tare da na sani ba, kuma ba kya son in tarye ki. Na gane. Shagon za ki fara zuwa ki ga shuɗin da idonki, daga nan ki wuce wurin lauya.

Shagon kuwa kullum cike yake. 'Yan gayu na zuwa su tsaya suna ƙyalƙyala dariya, wasu su matse ido su ja da baya suna gyaɗa kai don a ce sun fahimta. Clémence har fahariya take yi wai lambunta ya shiga jarida. Na ce ta sa baki a cire zanen, ta ce haba ƙawata, wa zai gane ki a cikin wannan kwaɓaɓɓen abu? Ita ba ta da 'ya a hannun kowa, shi ya sa.

To, tunda maganata ba ta da nauyi, zan gyara abin da za ki gani. Don Allah ki ce wa Léontine ina tunaninta.

Apolline

Paris, 9 ga Mayu, 1881

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau na ci abinci har na ƙara, za ki ji dalili.

Na kayar da Coquelard! Ranar Laraba na hau benen nan nasa, na ce ya maida rigata baƙa. Ya ce gara ya yanke hannunsa. Na ce ga wuƙa can a kan tebur. Ya ce in fita. Ni kuwa na lura duk rayuwar mutumin nan taga ɗaya ce, ita yake bauta wa, sai na ja kujera na zauna daidai gabanta, na baza mayafina da faɗin siket ɗina, na fito da saƙata.

Ya ce, "Madam, kin tare min haske."

Na ce, "Ai babu baƙi a duniya, Malam. Ka yi aiki da shuɗin da ke jikina."

Ya yi ihu, ya yi jifa da burushi, ya kira ni da sunayen da ba zan rubuta wa babba kamarki ba. Washegari na dawo tun da safe da burodina da cuku. Wata mata mai kuɗi da yake zanawa ta zo, ta gan ni zaune kamar saƙon mutuwa, ta juya ta sauka ba ta ko gaisa ba. A rana ta uku ya zauna a ƙasa ya dafe kai, ya ce shi bai taɓa ganin masifa mai saƙa ba. Ya aika aka sauko da zanen daga shago, ya sauka da kansa wurin mai fentin karusa ya aro gwangwanin baƙi, yana riƙe da shi nesa da jiki kamar ya ɗauko fo.

Na tsaya a kansa har ya gama. Duk inda ya so ya bar ɗan shuɗi na ce a'a, shafe. Hula, mayafi, safar hannu, har bakin takalmi, duk sai da suka koma baƙi ƙirin. Da ya ajiye burushi sai ya dube ni wani iri, ya ce, "Madam, kin taɓa kallon zanen nan daga nesa?" Na ce na gan shi kusa ma ya ishe ni. Ya ce in je bakin ƙofa in juyo, sau ɗaya tak, kafin a fita da shi. Wai shi zanensa ba a shinshina shi, daga taku goma ake gani. Na ce ba ni da lokacin wasan yara, wayo yake so ya yi min in ce ya mayar da shuɗinsa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ke kika sani."

Jiya Lahadi aka mayar da shi shago, fentin ma bai gama bushewa ba. Ban koma ba, ba kuma zan koma ba, na gaji da ganin fuskokin nan. Yanzu ki zo duk ranar da kika ga dama, ki zo da Madam Rabuteau in kina so, ta sa tabarau biyu. Za ki ga matar Théophile cikin baƙin da ya kamace shi.

Na gyara ɗakin Léontine, na sauya labule, na sa an wanke 'yar tsanarta.

'Yarki mai biyayya,
Apolline

Clamecy, 13 ga Mayu, 1881

Apolline,

Ina gaishe ki. Mun dawo lafiya, sai gajiyar jirgin ƙasa. Yarinya lafiya lau.

Na ce mun dawo, don ranar Talata ina Paris, ni da Léontine da akwatinta. Takardarki ta tara ga wata mun yi saɓani da ita a hanya, sai da na dawo na tarar da ita a kan tebur. Da ta riga ni, da wataƙila ba haka ba, amma ba ta riga ni ba.

Bari in gaya miki abin da shiruna ya ƙunsa, tunda kin cika shi da tunanin banza. Kwana goma ina kwance, gwiwa ta kumbura har ba na iya zama in riƙe alƙalami. Da na tashi na sa aka kira min malamin da ke koya wa 'yan makaranta zane a garin nan, wani tsoho mai hankali da ya tsani mutanen nan fiye da ni. Ya ce gaskiyarki ne, ba sa taɓa baƙi, ko fadan coci mai baƙar riga suka zana sai ya fito kamar ɗawisu. Ya ce ko gawayi ka ba su, shuɗi za su yi maka. Na yarda da ke, Apolline. Na je har kantin magani na gaya wa Madam Rabuteau a gaban masu saye cewa bakinta ya fi idonta gani. Na haɗa kayan yarinya, na ce ba sai ƙarshen Mayu ba, zan kai miki ita ba zato ki ji daɗi. Abin da ya sa na ce kada ki tarye ni ke nan. Ni ban iya rubuta zaƙi a takarda ba, kin sani.

Daga tasha na ce mai karusa ya bi da mu titin Laffitte. So nake in ga buhun wankin nan da kika faɗa, in samu abin da zan tsokane ki da shi a kan shayi.

Ban ma shiga ba. Daga bakin ƙofa na tsaya, don wurin cike yake da 'yan iska masu sanda da safar hannu, kuma kin san idona nesa ya fi gani. Zanen yana can ƙarshen ɗaki. Komai a cikinsa fari ne da ruwan hoda da kore, duk ya narke cikin juna, ba ka bambance mace da fure. Abu ɗaya ne kawai ido ke faɗa wa, baƙin nan naki, tsakiyar haske kamar ƙuda a madara. Duk wanda ya shigo nan yake fara kallo. Kuma da yake baƙin ya zagaye fuskar, fuskar ta fito tar, wadda da can na tabbata ba mai lura da ita.

Dariya kike yi, Apolline. Kin jefa kai baya, baki buɗe, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Ba murmushin ladabi ba, dariya ta cikin ciki, irin wadda ke sa mutum hawaye. Wani mai gashin baki a gabana ya zunguri abokinsa ya ce, "Kai, ga wadda mutuwar miji ta karɓa!" Suka kwashe da dariya, matan da ke tare da su suna rufe baki da mafici. Sunanmu na ji ana faɗa a ɗakin nan, sunan mahaifina, a bakin mutanen da ko gaisuwarsu ba zan amsa ba.

Kin lissafa min ba ki yi rawa ba, ba ki sha ba, ba ki shiga kwalekwale ba. Wannan ɗin ba ki lissafa ba. Ba na son jin abin da ya ba ki dariyar, ko wani ne ya faɗa ruwa ko kare ne ya ci hular wata, ba ruwana. Shuɗin ƙaryar mai zane ce, na yafe. Wannan kuwa bai ƙirƙira ba, mutumin da bai iya zana hanci ba ba zai iya ƙirƙiro wannan ba, gani ya yi. Kuma ke da kanki kika zauna kwana uku a kansa har ya nuna wa duniya.

Abin da ya fi ci min rai ba mutanen shagon ba ne, su me suka isa. Shekara tara kina gidan Théophile. Na zauna da ku Kirsimeti tara, na halarci sunan 'yarku, ban taɓa ganin haƙoranki ba. Na ɗauka haka Allah ya yi ki, mai sanyi, har nakan ce masa ya yi haƙuri da ke. Ashe kin iya. Na san yaron nan yana da wuyar zama, ni na raine shi, ba sai an gaya min ba. Amma ban shirya ganin abin a rataye a bango ba, ina tsaye da sanda a cikin baƙi.

Na juya na ce mai karusa ya mayar da mu tasha. Na rubuta wa alƙalin sulhu, majalisar dangi za ta zauna ranar biyu ga Yuni, za a aiko miki da sammaci. Ki zo ki faɗi naki, ba zan hana ki ba. Kafin nan yarinya tana wurina.

Tana riƙe da hannuna a bakin ƙofar nan, ita ma ta gani. Ta daɗe tana kallo. Sai da muka zauna a jirgi ta ce, "Kaka, matar nan mai dariya rigarta irin ta Mama ce. Wace ce?"

Ban gaya mata ba.

Honorine Desfossés